Za mu je Venis yawon amarci ta jirgin ƙasa, yini ɗaya zai ishe mu?

Wani ƙanina da ake shirin ɗaura wa aure ya turo tambaya, ya ce shi da amaryarsa sun tsara kwana takwas a Italiya bayan biki. Za su sauka a birnin Rum, su biya Florens, su leƙa Venis na yini ɗaya amma a Mestre, garin da ke kan tudu kusa da Venis, za su kwana tunda otal ɗin can ya fi araha, daga nan su wuce Milan su hawo jirgi zuwa gida. Yana so ya san tsakanin jirgin ƙasa da na sama wanne ya fi, kuma ko tsarin nasu ya yi.

To ango, da farko Allah ya sanya alheri, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Maganar jirgi ba ta buƙatar dogon tunani, na ƙasa za ku hau. Amma tsarin naka akwai gyara, kuma gyaran a kan Venis ɗin yake. Na zauna a Padova, kusan rabin awa ne tsakaninta da Venis a jirgi, kuma tsara wa mutane tafiya shi ne sana'ata, saboda haka zan faɗa maka kai tsaye: yini ɗaya ba zai ishe ku ba, kuma kada ku kwana a Mestre. Ku rage wani garin, ku ba Venis kwana uku, a cikinta za ku kwana. Zan zo kan dalili, bari mu fara da jirgin.

Daga tashar Roma Termini zuwa Venis awa huɗu ne ko ƙasa da haka kaɗan a jirgi mai gudu, kuma daga tsakiyar gari zai ɗauke ku ya ajiye ku a bakin ruwa. In ka ce na sama, sai ka fara komawa filin jirgin Fiumicino wanda shi kansa minti 32 ne a jirgin Leonardo Express, ka yi layin bincike, ka yi jira, ka sauka a filin Marco Polo wanda shi ma ba a cikin Venis yake ba, sai ka sake neman bas ko jirgin ruwa. Ka ga ai ka ɓata lokacin da kake son tsimi, ga wahalar da amarya a banza. Kamfani biyu ne ke da masu gudun, Trenitalia mai jirgin Frecciarossa da kuma Italo, duka suna kaiwa kilomita 300 a awa a inda layin ya ba da dama, duka masu tsabta ne, ga wajen cajin waya ga banɗaki. Ni ba na fifita ɗaya, wanda lokacinsa da kuɗinsa suka yi maka shi za ka ɗauka. Tikitin kuma farashinsa tashi yake yi kullum ana matsowa ranar tafiya, wanda ya saya da makonni zai iya samu da kamar Yuro 30 zuwa 40 kowane mutum, wanda ya bari sai ranar kuma zai biya ninki ko fiye. Sai dai ka sani mai arahar nan ba a mayar da kuɗinsa in ka fasa, don haka kar ka saye shi kafin biza ta fito, kuma kar ka saye shi don ranar da jirginku na sama zai sauka, in aka samu jinkiri shikenan kuɗin ya tafi.

A tashar kuma ga abin da ke rikita baƙi. Allon ba zai rubuta Venis ko Florens ba, Venezia da Firenze za ka gani, kuma wani lokacin sunan tashar ƙarshe kawai ake sawa wadda ba taku ba. Saboda haka lambar jirgin da ke kan tikitinka ita za ka bi. Binario shi ne dandamalin da jirgin zai tsaya, kuma sau da yawa sai saura minti goma ko sha biyar suke bayyana shi, kar hankalinka ya tashi. Carrozza lambar tarago, posto lambar kujera. Lokacin sayen tikiti ka zaɓi kujerunku da kanka don kar na'ura ta raba ku, kai a gaba ita a baya. Duk wanda ya zo a tasha ya ce zai taimaka maka a na'urar tikiti ko ya ɗaukar maka akwati alhali ba kayan ma'aikata a jikinsa, ka ce masa grazie ka wuce, fasfo da kati kuma su zauna a jakar da ke gaban ƙirjinka. In kuma kun hau ƙaramin jirgi na yanki, wato regionale, da tikitin takarda, to dole ka zura shi a 'yar na'urar da ke bakin dandamali ta buga masa kwanan wata kafin ku hau, in ba haka ba mai duba tikiti zai ci ku tara kuma ba ya jin "ban sani ba". Sannan in ka ga kalmar sciopero a labarai ko a tasha, yajin aiki ne, suna yawan yi a Italiya amma suna sanarwa tun da wuri, ka duba kafin ranar.

Hanyar kanta ba ko'ina ne ke da abin kallo ba, tsakanin Florens da Bolonya kusan duk cikin rami ne a ƙarƙashin duwatsu, to nan ne wajen barci ko cin guzuri. Bayan Padova ku farka ku shirya. Jirgin zai tsaya a tashar da aka rubuta Venezia Mestre, za ku ga mutane da yawa suna sauka, dan Allah ku zauna, ba ku iso ba tukuna. Taku ita ce Venezia Santa Lucia, ta ƙarshe, kuma tun wajen sayen tikiti ka tabbatar ita ce a rubuce don akwai jiragen da Mestre kawai suke tsayawa su wuce Trieste ko Udine. Daga Mestre minti goma ne, jirgin zai hau wata doguwar gada ta kusan kilomita huɗu wadda aka buɗe tun 1846, sai ku ga ƙasa ta ƙare, ruwa dama ruwa hagu, ga turakun katako a tsaye cikin ruwan suna nuna wa jiragen ruwa hanya, can gaba kuma hasumiyoyi da jajayen rufin gidaje suna tasowa. Ka ba amarya kujerar taga. In kun sauka kuka ratsa zauren tashar kuka fito ƙofa, babu titi babu mota babu hon, matakala ce kawai ta gangara zuwa babban mashigin ruwan garin, Canal Grande, ga koriyar ƙubbar San Simeone a tsallake tana kallonku, ga jiragen ruwa suna kai da kawo. Wallahi wannan fitowar kaɗai ta isa dalilin zuwa ta jirgin ƙasa, ku tsaya a nan ku kalla, otal ba zai gudu ba.

Yanzu dalilin kwana a ciki. Venis tsibirai ne 118 da gadoji sama da 400 suka haɗa, kuma mutanen da ke zaune a tsohon garin yanzu ba su kai 50,000 ba, amma baƙin da ke kwararowa a rana ɗaya lokacin zafi su kan fi 'yan garin yawa. Mafi yawansu irin tsarinka suke yi, su shigo da hantsi su fita da yamma, kuma hanya ɗaya duk suke bi, daga tasha zuwa gadar Rialto zuwa dandalin San Marco. Da tsakar rana wannan hanyar sai ka ce Kantin Kwari ana gobe sallah, ba masaka tsinke, kafaɗa na gugar kafaɗa. Wanda ya zo yini ɗaya wannan zai gani, ya koma yana cewa garin cinkoso ne da tsada kawai, kuma gaskiyarsa, abin da ya gani kenan. Amma in a ciki kuka kwana, ku yi asuba ku fito da sassafe, za ku samu San Marco ba kowa sai masu shara, kwale-kwalen gondola a ɗaure suna karo da juna a hankali. Ku taka zuwa kasuwar Rialto ku ga ana sauke akwatunan kifi da ganye daga jirgi, ban da Lahadi da Litinin da ba a cin ta kifin. Za ku ga mai kwashe shara yana tura amalanke gida gida, yara da jakar makaranta suna haye gada, motar asibiti ma jirgin ruwa ce, ta 'yan kwana-kwana haka. Da dare kuma bayan baƙin yini sun watse lunguna su yi tsit, kuna jin takun ƙafarku. Wannan garin shi nake so amarya ta gani, kuma ba ya samuwa ga wanda ke duba agogo don kar jirgin Mestre ya wuce shi. Mestre ba laifinta, gari ne mai kyau na zama kuma zan turo ku can don wani abu daban, amma ango da amarya bambancin kuɗin otal ɗin bai kai abin da za ku rasa ba. In aljihu ne matsalar, a yanke Milan, a kwana ɗaya kawai a can don jirgi, ko ma ka nemi tikitin dawowa daga Venis ɗin kai tsaye ta Istanbul.

Unguwa shida ce a garin. Kar ka dage sai San Marco, ita ta fi tsada ta fi hayaniya. Cannaregio ko Santa Croce sun fi kusa da tasha kuma akwai 'yan gari sosai, Dorsoduro kuma ta fi shiru, ga doguwar gaɓar Zattere ta yawon yamma. Kafin ka biya otal ka aika musu tambaya uku: wace tashar jirgin ruwa ce kusa da su, gada nawa za a haye daga can, kuma akwai lif ko babu, don yawancin gidajen tsofaffi ne, ɗakinku na iya zama hawa na uku ta ƙunƙuntar matakala. Adireshin garin ma daban yake, lambar gida ta unguwa ce gaba ɗaya ba ta layi ba, sai ka ga an rubuta Cannaregio da lamba dubu kaza, taswirar waya kuma ta kan rikice a lungunan. Ka sa su turo maka kwatance a rubuce.

Sai maganar kaya, kuma wannan amarya nake so ta ji da kunnenta. Ƙanwata, akwatunan lefe a bar su a gida. Kusan kowace gada matakala ce, a hau a sauka, ba wajen jan akwati, ɗagawa ake yi, kuma ango ne zai ɗaga. Akwati matsakaici ɗaya kowannenku ya isa. Na sha ganin ango ya yi sharkaf da gumi a kan gadar Scalzi da manyan akwatuna, amarya a tsaye ta rasa yadda za ta yi, tun ba a kai ɗaki ba rai ya fara ɓaci, abin ba daɗin gani. In dole ne kun zo da kaya da yawa, akwai wajen ajiya a tashar Santa Lucia, a biya a bar manyan a can. Takalmi mai tsini ma a ajiye shi don hoto, na tafiya shi ne shimfiɗaɗɗe mai taushi saboda yini za ku yi kuna taku. Abaya ko doguwar riga kada ta riƙa jan ƙasa, kuma matakalan da suka gangara cikin ruwa waɗanda suka yi kore da gansakuka santsi gare su sosai, kar a taka su don ɗaukar hoto.

Motar hayar garin ita ce vaporetto, jirgin ruwa na fasinja. Tikiti ɗaya Yuro 9.50 ne na minti 75, ka ga in kuna hawa ɗai ɗai kuɗi zai zube, gara ku yanki na kwanaki, na awa 24 Yuro 25, na awa 72 Yuro 45 kowane mutum a farashin da na sani na baya bayan nan, kuma duk hawa sai an taɓa katin a na'urar bakin tasha. Layi na 1 shi ne mai tafiyar hawainiya yana tsayawa ko'ina a Canal Grande, kusan minti 45 daga tasha zuwa San Marco, ku samu kujerun waje na baya ku yi shi sau ɗaya da rana sau ɗaya da dare lokacin da fitilun tsofaffin gidajen suka kunnu. Gondola kuma na san amarya ba za ta yafe ba, kuma bai kamata ta yafe ba. Hukumar gari ce ke yanke farashin, Yuro 90 na rabin awa da rana, 110 daga ƙarfe bakwai na yamma, kuma kuɗin kwale-kwalen ne gaba ɗaya ba na kowane mutum ba. Ka tabbatar da kuɗi da minti kafin ku shiga. Shawarata kar ku hau a gaban San Marco inda igiyar ruwan manyan jirage ke jijjiga mutum kuma gondola ke bin juna a layi, ku hau a wata ƙaramar gada can cikin San Polo ko Cannaregio, ku ce wa matuƙin ƙananan mashigai kuke so. A can ne za ku ji yana kiran "oe" kafin ya sha kwana don na gaba ya san yana tafe, ku wuce ƙarƙashin gadar da sai ya sunkuya, ga ƙofofin gidaje da ruwa ya cinye ƙasansu.

Abinci. Garin kifi ne, don haka ba za ku sha wuya ba, amma sai da tambaya. Akwai sarde in saor, sadin da albasa mai ɗan tsami da zaƙi, akwai baccalà mantecato, busasshen kifi da aka kirɓa da mai ana shafawa a burodi, akwai taliya ko shinkafa da ake dafawa da baƙin ruwan wani kifin teku, baƙa wuluk amma da daɗi. Abin lura shi ne suna yawan zuba giya a girkin risotto, wato shinkafarsu, da na kayan teku, to ka riƙe kalmomin nan a waya: vino giya ce, maiale alade, prosciutto da pancetta da salame duk naman alade ne, strutto kuma kitsensa wanda ake sawa a wasu burodi da kayan fulawa. Ka ce senza vino, senza maiale, suna ganewa kuma ba sa jin haushi. Tiramisu, kayan zaƙinsu, ma a tambaya, wasu na sa masa giya. Ranar da kuka yi marmarin nama, nan ne amfanin Mestre, minti goma a jirgi, kusa da tashar akwai shaguna da gidajen abincin halal na 'yan Bangladesh da sauran Musulmi. Masallacin Juma'a ma a can ɓangaren yake, wajen Marghera da Mestre, cikin tsohon garin babu, saboda haka sauran salloli a ɗaki za ku yi, ku zo da 'yar darduma mara nauyi, alƙibla tana kudu maso gabas. In a watan Yuni ne ku san rana ba ta faɗuwa sai wajen tara na dare. Duk gidan abincin da ka ga mutum a ƙofa yana kiran masu wucewa, ga hotunan abinci a allo da harsuna shida, ka wuce. A takardar kuɗi za ka ga coperto, kuɗin zama ne na kowane mutum, ba cuta ba ce haka al'adarsu take. Ruwan famfunan da ke dandali kuma na sha ne kyauta, ku riƙe gora. Sannan kar a zauna a matakalar gada ko a San Marco a buɗe abinci, kar a ba tantabaru hatsi, duka akwai tara.

Abu ɗaya da nake so ku kula da shi kuna yawo: garin nan arzikinsa daga ciniki da Gabas ya samo shi, da Iskandariyya da Sham da Istanbul, kuma alamar tana nan a ginin. A bakin Canal Grande akwai Fondaco dei Turchi, masaukin da aka ware wa fataken Daular Usmaniyya daga 1621, yanzu gidan tarihin halittu ne, layi na 1 na wucewa ta gabansa. Kuma a Venis ne aka fara buga Alƙur'ani da Larabci a injin ɗab'i, wajen 1537 zuwa 1538, a maɗaba'ar iyalan Paganini. An daɗe ana zaton babu kwafin da ya rage sai a 1987 aka gano guda ɗaya a ɗakin karatun wasu limaman Kirista a nan Venis ɗin. Ku dubi bakunan tagogin fadar Doge, wato shugaban Venis na da, da na tsofaffin gidajen attajirai, wanda ya taɓa zuwa Alƙahira zai ga kama.

Yini ɗaya cikin ukun ku ba tsibirai. Daga tashar Fondamente Nove layi na 12 zai kai ku Murano, inda aka mayar da masu hura gilashi tun 1291 saboda tsoron gobara a cikin gari, har yau suna aikin kuma ana shiga a kalla. Daga nan Burano, mai gidaje kala kala, kowane gida da fentinsa, nan ne hoton amarci zai fi fitowa. Ku tafi da wuri, layin dawowa da yamma yana da tsawo.

Lokacin zuwa, ƙarshen Afrilu zuwa farkon Yuni ko Satumba zuwa farkon Oktoba sun fi. Yuli da Agusta zafi ne mai gumi ga sauro ga jama'a. Daga Oktoba zuwa Janairu kuma lokacin acqua alta ne, tumbatsar ruwan teku da ke shigowa gari, a Nuwamban 2019 ya kai santimita 187 ya yi ɓarna sosai. Tun 2020 da aka fara ɗaga shingayen MOSE a bakin teku abin ya ragu ƙwarai, amma San Marco da yake ya fi ko'ina kwari har yanzu ya kan jiƙe. Sannan tun 2024 akwai kuɗin shiga da ake karɓa hannun masu zuwa yini a wasu ranakun cunkoso, wanda ya kama otal a garin ba ya biya amma ana so ya yi rajista a intanet ya karɓi lambar QR ta shaida, ka tambayi otal ɗinku ko kwanakinku sun faɗa ciki.

Biza ta Schengen ce, kuɗinta Yuro 90, da inshorar lafiya wadda za ta ɗauki nauyin aƙalla Yuro 30,000, kuma ana iya nema tun wata shida kafin tafiya, to kar ka bari sai hidimar biki ta taso. Sunan da ke fasfon amarya shi za ka sa a tikiti da otal harafi da harafi, ko da sunan mahaifinta ne, kar ka sa naka, kuma ku riƙe takardar shaidar aure.

Ranar fita kuma kar ka yi lissafi da taswira, vaporetto kan zo a cike ya wuce ku sai kun jira na baya, in hazo ya sauka ma wasu layukan tsayawa suke yi. Ku bar otal da awa ɗaya da rabi kafin lokacin jirgin ƙasa in daga wajen San Marco ko unguwar Castello kuke, in Cannaregio ne ma da ƙafa za ku isa. In ka tsayar da watan tafiyar ka sanar da ni mu duba jiragen da suka dace da saukarku.